Motar Kawu Labaran Mai Taka wa Kanta Birki

Wani mutum ne a unguwarmu a Funtuwa, ana ce masa Labaran Na-Kwatano. Ni Kawu nake ce masa, don ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ba yadda zan yi in musa.

Kwatanon nan da aka liƙa wa sunansa, sau ɗaya ya taɓa zuwa. Shi ma rakiya ya yi wa wani abokinsa, kuma rabin hanya barci ya yi. Amma in ka same shi a teburin mai shayi yana bayani, sai ka rantse shi ke sauko da motoci daga jirgin ruwa a kafaɗa.

Kawu ba ya duba mota da ido. Yana da wani ƙaton zoben azurfa a ɗan yatsa. Sai ya zagaya mota, ya ƙwanƙwasa bodi, ƙwas, ƙwas, ya kara kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraren wa'azi. Can sai ya buɗe.

"Wannan tsohon soja ne ya tuƙa ta a Holan. Kuma yana fama da ciwon baya."

Ka ce masa ta yaya ya sani, sai ya dube ka sama da ƙasa.

"Ɗan koyo ne kai."

Zagin Kawu ke nan a duniya. Mai adaidaita ya gifta masa, ɗan koyo. Makanike ya musa masa magana, ɗan koyo. Har ladanin masallacinmu, ranar da ya yi ribas ya taɓa kwata, bai tsira ba. Shi kuwa Kawu ko keke ba shi da shi. Tuƙi kam ya iya, irin iyawar nan da fasinja ke sauka yana salati.

Ana haka sai ga dama ta zo masa har gida.

Akwai Alhaji Ɗayyabu Dogo, mai gidan burodin bakin tasha. Dogon nan ba suna ba ne kawai; in zai shiga masallaci sai ya fara ruku'u tun daga ƙofa. Alhaji na so ya sayi motocin raba burodi, yana neman wanda zai tura Kwatano ya zaɓo masa. Aikin da Kawu ya ƙare rayuwarsa yana mafarki ke nan. Kullum yana ƙofar gidan burodi, har ma'aikata suka fara ba shi tabarma.

Wata rana Alhaji ya gaji, ya ce, "Labaran, bakinka dai na ji shi, har a barci ina jin sa. Amma ban taɓa ganin motar da ka zaɓa ba. Sayi taka, ka ɗauke ni mu zaga gari. In ta gamshe ni, kai za ka je Kwatano."

Kafin a yi haka, Kawu ya sayar da filinsa na gado da ke bayan asibiti. Da mahaifiyata ta ji, sai da ta zauna a bakin rijiya. Sannan ta kira ni.

"Nazifi, ka bi kawunka Kaduna. Ka sa masa ido. Filin babanmu ne zai mayar ƙarfe."

Ni kuwa lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, kaina cike da dabaru kamar rumbu bayan kaka. Ɗaya daga ciki ma ta mota ce: ina so in haɗa manhajar waya da za ka sa lambar mota, ta faɗa maka duk wahalar da ta sha a duniya. Ni a ganina ya kamata kowace mota ta zama tana da katin asibiti kamar jariri. Saboda haka na zo a shirye.

A cikin motar haya na fara yi masa bayani.

"Kawu, tsohuwar mota ba a saye sai an bi tarihinta. Mu nemi tsofaffin takardun duba lafiyarta, mu ga ko ta taɓa faɗuwa gwaji. Mu kwafi lambar shasi mu kai ofishin masu duba lafiyar motoci, in ta taɓa yawo a ƙasar nan suna da labarinta. Sannan a hau da ita rami a leƙa cikinta, a ɗaga kafet..."

"Injiniya."

"Na'am, Kawu."

"Digirin naka na mene ne ma?"

"Kwamfuta."

"To ka ga kwamfuta." Ya ɗaga zoben nan har yana taɓa hancina. "Wannan ba ta buƙatar caji."

Muka isa wani garejin sayar da motoci. Dillalin, wani mai suna Mamuda, kallo ɗaya ya yi wa Kawu ya gane abincinsa ya zo da ƙafarsa. Ya tare shi da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, tun daga yadda ka tsaya na san ba baƙon mota ba ne kai. Wallahi akwai wadda ban nuna wa kowa ba. Jira nake wanda ya san hannunsa ya zo."

Ya ja mu can ƙurya. Baƙar mota ce, tana sheƙi kamar an shafa mata man shanu, ƙamshin sabon fenti har yana hawa kai. Ƙirar dai tsohuwa ce, na tabbata ta girme ni.

"'Yar Beljiyam ce, tayarta ba ta san ƙasar Najeriya ba sai jiya-jiyan nan," in ji Mamuda.

Kawu ya ɗaga masa hannu, wato kada ya ɓata masa aiki. Ya zagaya. Ƙwas, ƙwas. Ya kara kunne. Ya lumshe ido.

"Tsohuwa ce ta tuƙa ta. Baturiya. Likitar haƙori."

Mamuda ya dafe ƙirji ya ja da baya. "Wa ya gaya maka? Don Allah wa ya gaya maka?"

"Daga gida sai asibiti. Ba ta son gudu."

"Ranka ya daɗe, ka fara ba ni tsoro."

Kawu ya kumbura har babbar rigarsa ta yi masa kaɗan.

Ni na ce, "Malam Mamuda, ina takardunta?"

"Suna hanya."

"Wace hanya?"

"Ta Legas."

Na durƙusa in karanta lambar shasi, na tarar an malala mata fenti ta zama kamar tuwo. Na leƙa ciki. Robar kulocin ta cinye har ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Kan giyar kuwa sai lilo yake, kamar haƙorin tsoho.

"Kawu, dubi kulocin nan. Tsohuwa ɗaya ba ta yi masa wannan cin. Wannan sai gari guda."

"Takalman Turawa ƙusa gare su, saboda ƙanƙara."

"To ga ramuka huɗu a rufi, an toshe da gam."

"Nan take ɗaure kujerar cire haƙori in za ta ƙauye."

Abin da ya fi ɗaure mini kai, a gefen mai zaman banza dashbod ya lotsa wuri biyu, shatin yatsu ɓaro-ɓaro, kamar wani ya shekara yana damƙe shi don ceton rai. Na nuna masa.

"Karenta ne," Kawu ya ce, ko dubawa bai yi ba. "Ba ka san Turawa da karnuka ba?"

A ƙasan kujerar nan ta gefe kuma akwai wani tudu, an lulluɓe da sabon kafet mai laushi. Na kai hannu zan ɗaga, Mamuda ya yi wuf ya riƙe ni.

"A'a ɗan'uwa, za ka ɓata ɗinki. Wannan matashin ƙafa ne. Kamfani ke sa wa motocin manya, mai gida ya miƙe ƙafa ya huta."

"Na san shi," in ji Kawu. "A Kwatano ba irin wanda ban gani ba." Ya juyo gare ni. "Ɗan koyo, fita daga motar mutane."

Na roƙe shi ko ramin makanike mu hau da ita. Ya ce motar likita ba a kai ta asibiti. Aka yi ciniki, aka tafa, fili ya zama ƙarfe.

A hanyar dawowa baya aka sa ni. Kujerar gaba Kawu ya naɗe ta da leda, ya ce ta Alhaji ce, matashin ƙafar nan kuwa ba ƙafar da za ta fara taka shi sai ta mai arziki. Motar ta kawo mu, ban ce ba ta kawo mu ba. Sai dai duk sanda ya sa giya sai ta yi wani gurnani, kamar an taɓa mata tsohon miki. Kawu ya ce yaren Beljiyam ne.

Unguwa ta fito. Ana ta Allah ya sanya alheri, Allah ya kiyaye sharrin ƙarfe. Kawu na tsaye ya dafa bonet, labarin likitar haƙori yana ta ƙaruwa. Kafin magariba ta samu suna, ta samu jikoki, har an san abin da ya kashe mijinta.

Ranar gwaji muka ɗauki Alhaji Ɗayyabu a ƙofar gidan burodi da hantsi. Ni ina baya, don mahaifiyata ta ce aikina bai ƙare ba. Alhaji ya naɗo kansa ya shigo, gwiwoyinsa na gaisawa da haɓarsa.

"Alhaji miƙe ƙafa," Kawu ya ce. "Ga matashi nan, don irinku aka yi shi."

Alhaji ya ɗora ƙafa a hankali, sama-sama, yana jin nauyin ɓata sabon kafet.

"Kai, da laushi kuwa."

"Kaɗan ka gani."

Kawu ya figi mota. Da ma shi in yana tuƙi, wanda yake wa magana yake kallo, hanya kuwa ta ji da kanta. Mun doshi kasuwa, ya juya gaba ɗaya yana ba Alhaji labarin jikokin likita, sai ga wani mai kura ya turo lodin rake tsakiyar titi. Na gani. Alhaji ya gani. Kawu yana kan jika na biyu.

Alhaji ya sandare a kujera, ya ce, "Innalillahi..."

Ƙiiiii! Mota ta tsaya cak, inji ya mutu. Hancina ya daki bayan kujera. Tsakanin bamba da rake bai fi tafin hannu ba.

Kawu ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Tana kan totur. Ya dubi birki, ba kowa a kai. Amma Kawu ba a kama shi ba amsa.

"Ka gani, Alhaji?"

"Na ga mutuwa."

"A'a, ka ga aikin Bature. Ƙafata ko kusa da birki ba ta je ba. Ita ta gani, ita ta tsaya. Ido gare ta a gaba. Da ma na ɓoye ne in ba ka mamaki."

Alhaji ya gyara hula. "Kana nufin da kanta?"

"Da kanta."

Na ce, "Kawu, akwai motoci masu yin haka, amma sababbi ne. Lokacin da aka ƙera wannan ko wayar hannu..."

"Wa ya sa da kai?"

Muka ci gaba. Yanzu shi kansa Kawu so yake ya tabbatar. Muna hawa titin Zariya ya hango tifa ta tsaya a gaba, ya saita ta sosai, ya janye ƙafa daga wajen birki. Yana murmushi, amma gumi na bin bayan kunnensa.

"Labaran, tifa."

"Na gan ta."

"Labaran, tifa fa."

"Ita ma ta gan ta."

Alhaji ya damƙi dashbod, yatsunsa suka faɗa daidai cikin shatin nan na kare, ya miƙe tsawonsa duka.

Ƙiiiii! Cak.

Wannan karon Kawu har da tafi. Ya sumbaci zobensa. Daga nan ba ƙarya yake yi ba kuma, ya yi imani. Mutum ne da ya shekara yana shara ta, yau ga ɗaya ta zama gaskiya a hannunsa.

Na uku shi ya fi ban mamaki. Mun fita bayan gari, titi fetal, ko kaza babu. Ƙamshin fentin nan ya shiga hancin Alhaji, ya ja numfashi, ya saki wata atishawa da ta girgiza gilasai.

Ƙiiiii!

Muka duba gaba. Ba komai. Muka duba gefe. Gonar dawa.

"To yanzu me ta gani?" Alhaji ya tambaya.

Kawu ya rage murya. "Alhaji, ba duk abin da ke tsallaka titi ido ke gani ba."

Alhaji ya yi a'uziyya ya tofa dama da hagu.

Ni kuwa a nan wani abu ya ɗarsu a raina, don na ga ƙafar Alhaji ta zabura tare da atishawar. Ban gama haɗa lissafin ba, amma na ce, "Kawu, don Allah a bar ni in ɗaga kafet ɗin nan, sau ɗaya tak."

"Alhaji ka ji yaran zamani. A ba su digiri, su ce sai sun yaga kafet."

Muka dawo gidan burodi. Alhaji ya fito yana miƙe baya, fuskarsa a sake.

"Labaran, na yarda. Direbobina da asuba suke fita, rabinsu a kan sitiyari suke ƙarasa barci. Irin wannan nake so. Gobe ka zo mu yi maganar tafiya."

Shi ke nan fa. Aiki ya samu. Da Kawu ya tafi gida ya kwanta, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma a ce mutum yana da motar da ke ganin aljanu, kuma 'yan teburin mai shayi ba su gani da idonsu ba? Ina. Kawu ba zai iya haɗiye wannan ba.

"Alhaji, alfarma ɗaya. Bayan la'asar ka zo filin ƙwallon bayan firamare. Akwai 'yan koyon da nake so in rufe wa baki."

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Fili ya cika. Mai shayi ya rufe tebur ya zo, ladan ya zo, masu adaidaita suka jera a gefe. A can ɗaya ƙarshen filin wani mai koyar da tuƙi yana ta fama da ɗalibarsa tsakanin tsofaffin tayoyi, da ma nan suke koyo kullum. Ba wanda ya kula da su.

Kawu ya tsaya a tsakiya ya yi jawabi. Ya ce zai taho da gudu, ba zai taɓa birki ba, mota za ta tsaya da kanta. Ya nemi wanda zai tsaya a gaba. Kowa ya shiga duba wayarsa.

Na ce, "Kawu, a jera kwalaye mana. In ta tsaya, ta tsaya. In ba ta tsaya ba, kwali ne."

"Kwali? Motar likita za ta tsaya wa kwali?" Ya waiga, ya nuna wata ƙatuwar darbejiya a gangaren filin. "Waccan."

Na dubi bishiyar. Daidai tsayin gwiwa duk ɓawonta ya saɓule, tsohon tabo a kan tsohon tabo.

Kawu ya buɗe wa Alhaji ƙofa. Alhaji ya girgiza kai.

"A'a. Ni na gani daga ciki. Bari yanzu in gani daga waje."

Na bi Kawu har taga. "Kawu, ka saurare ni. Duk tsayawar da ta yi, Alhaji na ciki. Ina jin ƙafarsa ce ke..."

"Hassada ce ke damunka. Manhajarka ta mutu tun ba a haife ta ba." Ya ɗaga gilas.

Ya ja baya har ƙarshen fili. Ya tako totur, mota ta yi gurnaninta na Beljiyam ta taho. Da ta kama gangara, don kada wani ya ce ya yi maguɗi, sai Kawu ya ɗaga ƙafafunsa biyu ya ɗora a kan dashbod, tafin sawunsa na kallon jama'a ta gilas. Ya sauke taga, ya fito da hula yana kaɗawa.

Jama'a suka ɗauki sowa.

Mota na tafiya.

Hular ta rage kaɗawa.

Mota na tafiya.

Muka ji muryar Kawu daga ciki, yana magana da ita a hankali kamar mai lallashin amarya. "To, ga bishiya nan. Kin gan ta ai. Hajiya, bishiya."

Ya yi ƙoƙarin sauko da ƙafafu, babbar riga ta naɗe kan giya.

Garam!

Tsuntsaye suka watse. Ganyen darbejiya ya zubo kamar ana biki. Lagireto ya ce fuuuu. Taya ɗaya ta cire kanta ta ci gaba da tafiya, ita kaɗai ta kai bakin titi.

Muka ruga. Allah ya taƙaita, gudun bai kai na kisa ba. Muka zaro Kawu da ƙulu a goshi kamar ƙwan agwagwa, ɗaci-ɗacin ganye a baki. Kalmar farko da ya yi:

"Rana ce ta haske mata ido."

Sai ga wani ya ratso taron yana ture mutane. Mai koyar da tuƙin nan ne, wani siririn dattijo da ake kira Malam Yusha'u. Bai dubi Kawu ba. Motar yake kallo.

"Tun da na ji kukan giyar nan na ce na san muryar." Ya shafa rufin, yatsunsa suka sami ramukan nan huɗu. "Haƙurau? Ashe kina duniya?"

"Malam, ka san ta ne?" Alhaji ya tambaya.

"Na san ta? Rabin direbobin garin nan a cikinta suka koyi kashe inji. A ramukan nan na rufi allon makarantata yake ɗaure." Ya zagaya, ya buɗe ƙofar gefe, ya damƙi kafet ɗin nan mai laushi ya fizge. Ga soso. Ya cire soso. Sai ga feda, ƙarfe tsirara, an lanƙwasa ta ƙasa.

"Birkin malami ke nan. In ɗalibi ya rikice, ni nake takawa daga nan. Shekara da shekaru ƙafata ba ta sauka daga kansa ba."

Ya ɗora hannuwansa a shatin dashbod. Suka zauna ɗas, kamar an auna.

Mai shayi ya ce, "Ashe ga karen likita."

Dariya ta fara tashi daga baya.

"Ita da bishiyar nan kuwa tsofaffin aminai ne," Malam Yusha'u ya ci gaba. "Ba watan da ba sa gaisawa. Da masu duba lafiyar motoci suka ƙi sabunta mata takarda, suka ce ta bar titi, sai na sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli. Ko yau ka je ofishinsu ka ambace ta, sai sun ba ka kujera. Amma tsakani da Allah, duk waɗanda suka buga ta a nan, ƙoƙarin tsayawa suke yi. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaga ƙafa sama yana kaɗa hula ba."

Alhaji Ɗayyabu ya sunkuya ya daɗe yana kallon ƙafarsa ta dama.

"Wato idon Baturen nan, a jikina yake."

"Da alama, Alhaji," na ce.

"Har aljanun?"

"Atishawa ce, Alhaji."

Duk wani mai kunya a nan zai nemi hanyar gida. Kawu kuwa miƙewa ya yi, ya kaɗe riga, ya gyara hular da ta koma kamar faifai.

"Ƙarya ne. Wannan tsohon bai san abin da yake faɗa ba. Motoci suna kama da juna. Tasa daban, tawa daban. Tasa wane launi ce?"

"Rawaya."

"To kun ji. Wannan baƙa ce." Ya taka zuwa bayan motar, inda bai taɓu ba, yana ɗingishi. "Ku matso, 'yan koyo, ku ji yadda ƙarfen Beljiyam ke magana. Alhaji, kasa kunne."

Ya ɗaga zoben. Ya ƙwanƙwasa murfin but da dukkan ƙarfinsa.

Ƙwas. Ƙwas.

Sai muka ji ƙararas. Wata tsaga ta bi fentin daga wannan gefe zuwa wancan. Filar da aka dama aka shafe bayan motar da ita, mai kaurin ƙosai, da ma karon ya girgiza ta. Ta saki gaba ɗaya ta faɗo a kan ƙafar Kawu, ɓaras.

A ƙarƙashi ga tsohon fenti rawaya. A kansa ga jan rubutu, manya-manyan baƙaƙe, daidai gefen da Kawu ke tsaye da zobe a sama.

A iya sanina, ranar ce zoben nan ya fara faɗin tarihin mota daidai.

Alhaji Ɗayyabu ya ciro tabarau daga aljihu, ya goge da bakin riga, ya saka. Ya dubi rubutun, ya dubi Kawu. Sannan ya juya ga jama'a ya karanta musu a hankali, yadda na baya za su ji:

"YI HAƘURI, ƊAN KOYO NE."